Salazar a tseren Comrades na 1994: inda saurin ɗan fanfalaki ya kai shi, da inda ya tsaya

Ranar 31 ga Mayu, 1994, mako uku bayan rantsar da Nelson Mandela, wani Ba'amurke mai shekara 35 ya shiga sahun masu tseren Comrades, gudu mai nisan kusan kilomita 87, a birnin Durban na Afirka ta Kudu. Sunansa Alberto Salazar. A lokacin an daɗe da daina ambatonsa cikin masu cin tsere. Shi ne ya lashe gudun fanfalaki (mai kilomita 42) na New York sau uku a jere, 1980, 1981 da 1982, ya kuma ci na Boston a 1982 bayan an yi kare jini biri jini tsakaninsa da Dick Beardsley, ya shiga a 2:08:52, tazarar daƙiƙa biyu kacal. Daga nan jiki ya fara ƙin ba shi haɗin kai. A gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles na 15 ya zo, kuma shekara goman da suka biyo baya sun tafi a rashin lafiya, rauni da baƙin ciki.

Wannan mutumin ne ya ci Comrades a karonsa na farko, cikin 5:38:39, ya bar Nick Bester na Afirka ta Kudu a baya da minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Duk lokacin da aka tayar da musun ko gwanayen kilomita 42 za su iya da tseren da ya zarce haka, wanda masu harkar ke kira altira, sunan Salazar ake fara kawowa. Hujja ce mai ƙarfi, amma masu kawo ta sukan karanta rabinta su bar rabi.

Hanyar da aka bi

Vic Clapham, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya assasa Comrades a 1921 don tunawa da abokan yaƙinsa. Ana yin sa tsakanin Durban da ke bakin teku da Pietermaritzburg da ke can cikin tuddai. Shekarar da aka tashi daga Durban ana ce mata ta hawa, wadda aka tashi daga Pietermaritzburg kuma ta gangara. Tsawon hanyar yana ɗan canjawa daga shekara zuwa shekara, tsakanin kilomita 86 da 90, wato ya ɗan zarce tafiyar Kaduna zuwa Zariya. Ta 1994 shekarar hawa ce, kimanin kilomita 87.

Kalmar hawa tana yaudarar baƙo. Mutum yakan tashi daga daidai doron teku, ya kai sama da mita 800 a wajen Umlaas Road, amma ba a miƙe ake hawan ba. Ana hawa a gangara a sake hawa, har jimillar hawan ta haura mita 1,500, gangarar kuma ba kaɗan ba ce. Manyan tuddai biyar ne: Cowies, Fields da Botha's kafin a kai Drummond, wato tsakiyar hanya, sai Inchanga da ke jiran mutum da zarar ya wuce Drummond, sai Polly Shortts, wanda bai cika kilomita biyu ba amma yana zuwa ne saura kimanin kilomita takwas a gama. Fields Hill shi ne mafi haɗari ga mai sauri. Ya kai kusan kilomita uku, kuma yana zuwa ne tun ƙafa tana da daɗi, lokacin da mutum ke jin zai iya haɗiye shi da gudu. Abin da aka ranta a Fields, a Polly Shortts ake biyansa.

Salazar ya yi abin da ɗan fanfalaki ya saba: ya wuce gaba tun kafin tsakiyar hanya. A rabi na biyu ya sha wuya ƙwarai, kuma shi da kansa ya bayyana daga baya cewa ya kusa janyewa, addu'a ce ya riƙa yi har ya ƙarasa. Tazarar da ya tara da wuri ce ta cece shi.

Lissafin da ba ya fita

A Boston yana cin kowace kilomita a minti 3 da daƙiƙa 3, kusan kilomita 19.6 a awa. A Comrades ya koma minti 3 da daƙiƙa 54, kimanin kilomita 15.4 a awa. Wato ya yi gudun ne da kusan kashi 78 cikin ɗari na saurinsa na da. Nan ne fa'idar mai sauri take. Gudun da zai sa wani haki, a wurinsa atisayen safe ne. Zuciya da huhu ba su kusa iyakarsu ba, tsoka tana ƙona kitse fiye da yadda za ta yi in an matsa mata, kuma kowane taku yana cinye ƙarfi kaɗan saboda shekaru da aka yi ana gyara salon gudu.

Akwai wata dabarar lissafi da injiniya Peter Riegel ya fitar a 1977, wadda har yau masu horarwa ke hasashe da ita. Ana raba sabon nisa da tsohon nisa, a ɗaga abin da ya fito zuwa ƙarfin 1.06, sannan a ninka da tsohon lokaci. In aka sa 2:08:52 a ciki aka nemi kilomita 87, abin da ke fitowa kusan 4:37 ne. Salazar ya yi 5:38. Awa guda cur ta ɓata. Gaskiya ne ya tsufa da shekara goma sha biyu, kuma Comrades ba shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ce. To a ɗauki shimfiɗaɗɗiyar. Eliud Kipchoge ya yi 2:01:09 a Berlin a 2022, wanda a wannan lissafi zai ba shi kusan awa 5 da minti 2 a kilomita 100. Aleksandr Sorokin na Lituweniya, da ya kafa tarihin nisan a birnin Vilnius a 2023, ya yi 6:05:35. Ba laifin Riegel ba ne. Shi da kansa ya iyakance lissafin ga gudun da bai kai awa huɗu ba. Masu musu ne ke jan sa zuwa inda bai je ba.

Ga kuma ɗaya rabin hujjar. A 1988, shekara shida kafin zuwan Salazar, Bruce Fordyce ya yi wannan hawa cikin 5:27:42. Fordyce ya ci Comrades sau tara, amma a kilomita 42 bai wuce ajin 2:17 ba, wato da sun haɗu a Boston lokacin Salazar na ganiyarsa, da bai hango ƙeyarsa ba. Duk da haka a hanyar Durban zuwa Pietermaritzburg ya fi shi da kusan minti 11. Ko an cire ɗan bambancin tsawon hanya tsakanin shekarun biyu, tazarar tana nan. Salazar ya ci tseren ranar, bai kusanci abin da ɗan hanyar ya yi ba.

Inda awar ta tafi

Abu na farko shi ne makamashi, kuma wannan ana iya ƙidaya shi. Mai gudu yana ƙona kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 65 zai ƙona kimanin 2,700 a kilomita 42, da kimanin 5,650 a kilomita 87, ban da ƙarin da tuddai ke jawowa. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, bai wuce giram 500 zuwa 600 ba, a ce kalori 2,000 da za a iya amfana da su. Saboda haka ɗan fanfalaki da ya cika rumbunsa kwana biyu kafin tsere, ya kuma ɗan kurɓi ruwan sukari a hanya, zai iya kaiwa ƙarshe da abin da ya zo da shi daga gida. A Comrades rumbun bai kai rabin buƙata ba.

Sauran dole ya fito daga wuri biyu: abin da aka ci a hanya, da kitsen jiki. Hanji yana iya ɗaukar kusan giram 60 na sukarin gulukos a awa. In aka haɗa da furuktos, wani nau'in sukari, wanda ke shiga jini ta wata ƙofa daban, ana iya kaiwa giram 90. Da giram 60 a awa, cikin awa biyar da rabi an samu kalori 1,320, saura kusan 2,300 da kitse zai biya. Wannan giram 260 ne na kitse, kusan giram 0.8 a kowane minti, wanda ke dab da iyakar abin da ko horarren mai gudu ke iya ƙonawa. Da giram 90 a awa, nauyin da ke kan kitse ya sauka ƙasa da giram 0.6 a minti, mutum ya samu sarari. Bambancin giram 30 ɗin nan shi ne bambancin wanda zai hau Polly Shortts da gudu da wanda zai hau shi da tafiya.

Matsalar ita ce hanji ba ya karɓar wannan aiki haka kawai. Lokacin gudu jini yana barin ciki ya tafi tsoka da fata, narkewar abinci ta ragu, jijjigar taku kuma ta riƙa girgiza abin da ke tumbi. Wanda bai saba ba, a awa ta uku ko ta huɗu sai kumburin ciki, tashin zuciya, amai ko zawo su same shi. Da zarar ya daina ci, cikin awa guda sukarin jininsa ya faɗi, ƙafa ta yi nauyi, hankali ya dushe. Maganin horo ne irin na kowace gaɓa: a dogon atisaye ana fara cin giram 30 zuwa 40 a awa, a riƙa ƙarawa mako-mako har wata biyu ko uku, da ainihin abin da za a ci ranar tsere, kaɗan-kaɗan duk minti 15 zuwa 20, tare da ruwa. Mai gama tsere cikin awa biyu bai taɓa buƙatar wannan ba yadda ɗan altira ke buƙatarsa.

Na biyu ruwa ne, kuma Salazar misali ne na musamman a nan. Masana da suka auna shi a lokacin Olamfik ta 1984 sun sami yana zubar da zufa har lita 3.7 a awa, alhali cikin mai gudu da ƙyar yake wuce da lita ɗaya zuwa hanji a awa. Bayan Boston ta 1982 sai da aka yi masa ƙarin ruwa lita da dama. A awa biyu mutum zai iya cin bashin ruwa ya biya bayan ya gama. A awa biyar da rabi bashin yana cin mai shi tun yana hanya. Abin da ya taimaka masa a 1994 shi ne ragin sauri yana rage zufa, kuma ƙarshen Mayu farkon hunturu ne a can. Sai dai ɗirkar ruwa ma tana kisa. Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town ya wallafa a 1985 bayanin masu gudu, har da na Comrades, da suka sha ruwa fiye da kima har gishirin jininsu ya tsinke. In sodiyam ya sauka ƙasa da 135 a ma'aunin jini an shiga matsala, in ya ci gaba da sauka ƙwaƙwalwa kan kumbura. Shi ya sa yanzu ake cewa a sha gwargwadon ƙishirwa, kuma kowa ya auna nauyinsa kafin da bayan atisaye ya san yawan zufarsa.

Na uku, wanda a ganin masu horarwa da yawa ya fi duka, shi ne lalacewar tsoka. A gangara, tsokar gaban cinya tana aiki ne kamar birki: tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyin jiki. Irin wannan aiki yana yayyaga ƙananan zaruruwanta. Ba a jin sa nan take. Bayan kilomita 60 sai taku ya gajarta, gwiwa ta ƙi lanƙwasa, kowane sauka ya zama kamar an doka guduma a cinya. Zuciya na iya cewa a ci gaba, ƙafa ta ce ta gama. Gwanin fanfalaki yakan yi kilomita 180 zuwa 220 a mako, amma dogon gudunsa na rana ɗaya ba kasafai yake wuce 35 zuwa 40 ba, awa biyu da 'yan mintuna, galibi a hanya mai sauƙi. Masu shirin Comrades sukan yi gudu ɗaya ko biyu na kilomita 55 zuwa 65 a hanya mai tudu da gangara, mako biyar ko shida kafin ranar. Dalilin shi ne tsokar da ta taɓa shan irin wannan yaga takan warke da ƙarin juriya na wasu makonni. Sauri ba ya maye gurbin wannan. Wataƙila ma ya ƙara ta'azzara shi, domin mai doguwar taku da ke tashi sama ya fi dukan kwalta da ƙarfi.

Akwai kuma haƙuri. Wanda ya yi shekaru yana koyon manne wa na gaba, da wuya ya ƙyale wanda ya san bai kai shi sauri ba ya wuce shi a kilomita 20. Fordyce ya shahara da yin haka. Yakan bar su su tafi, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya a rabi na biyu.

Wajibi ne a faɗi wani abu game da mutumin. A 2019 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ta dakatar da Salazar shekara huɗu saboda laifuffukan da ya aikata a matsayin koci, a 2021 kuma aka haramta masa harkar har abada kan cin zarafin 'yan wasa. Hukunce-hukuncen sun shafi zamanin horarwarsa ne, ba tseren 1994 ba, kuma ba a soke nasararsa ta Comrades ba.

Waɗanda suka biyo baya

Salazar ya je sau ɗaya. Wanda ya nuna abin da mai sauri zai yi in ya zauna ya koyi hanyar shi ne Leonid Shvetsov na Rasha, mai 2:09 a fanfalaki. Ya fara zuwa na biyu a 2001, ya dawo a 2007 ya karya tarihin gangara da awa 5 da minti 20, a 2008 kuma ya karya na hawa da awa 5 da minti 24. Saurinsu ɗaya da Salazar a takarda, amma ya fi shi da kusan minti 14 a hanyar hawa. Tarihin gangara ya ci gaba da sauka har Tete Dijana ya kai shi 5:13:58 a 2023.

A ɓangaren mata abin ya fi fitowa fili. Tomoe Abe ta Japan, wadda ta ci tagulla a fanfalakin gasar duniya ta 1993, ta shiga kilomita 100 a tafkin Saroma a shekarar 2000 ta yi 6:33:11, lokacin da aka shafe sama da shekara ashirin ba wadda ta taɓa shi. Desiree Linden, zakarar Boston ta 2018, ta yi kilomita 50 cikin 2:59:54 a 2021, mace ta farko da ta sauka ƙasa da awa uku. Gerda Steyn ta Afirka ta Kudu tana riƙe da igiyar biyu: ta zo ta 15 a fanfalakin Olamfik na Tokyo, ta yi 2:24:03 a Valencia a 2023, kuma a shekarar ta yi gangarar Comrades cikin 5:44:54, ta kawar da 5:54:43 na Frith van der Merwe da ya tsaya tun 1989.

Abin da waɗannan ke nunawa shi ne, a kan kwalta, daga kilomita 50 zuwa 100, saurin fanfalaki jari ne babba. A 50 kusan shi ne komai, domin ƙarin kilomita takwas bai canja yanayin aikin ba. A 87 zuwa 100 yana nan da ƙarfinsa, amma sai an ba ciki da cinya wata shida zuwa shekara. In ɗaya daga cikin masu 2:03 na Kenya ko Habasha ya yi wannan shiri da gaske, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne tarihin kilomita 100 zai faɗi, kuma ba da daƙiƙoƙi ba. Sai dai 5:02 na takarda mafarki ne.

Me ya hana su zuwa? Kuɗi. Zakaran Boston yana karɓar dala 150,000, ban da ladan halarta da na kamfanin takalma. Kyautar Comrades ba ta kai rabin haka ba, a Western States, tseren daji na Amurka, kuwa kan bel ake bayarwa. Ɗan fanfalaki yana da tsere biyu ko uku ne a shekara, kuma altira ɗaya na iya cinye masa wata biyu na warkewa. Shi ya sa galibi sai sauri ya fara tafiya ake ganinsu a can, kamar Salazar, don haka ba kasafai ake gwada tambayar da mutum yana ganiyarsa ba.

In aka bar kwalta kuwa, ko aka wuce awa goma sha biyu, magana ta canja. Sorokin, wanda fanfalakinsa bai sauka ƙasa da ajin 2:25 ba, ya yi kilomita 319.6 cikin awa 24 a Verona a 2022, minti 4 da rabi a kowace kilomita dare da rana. A can, barci, tafin ƙafa da ciki su ne alƙalai. Tseren UTMB da ke zagaya dutsen Mont Blanc ta Faransa, Italiya da Switzerland ya kai kusan kilomita 170 da hawan mita 10,000, a kan duwatsu, da fitilar goshi, da sanduna, da jaka a baya. Ana iya tsallakawa, domin Magdalena Boulet da ta wakilci Amurka a fanfalakin Olamfik na 2008 ta ci Western States mai kilomita 161 a 2015, amma bayan ta fara da gajerun tseren daji ta saba.

Jim Walmsley ya nuna tsadar koyon. Ya shigo da saurin filin tsere, ya jagoranci Western States a 2016 har ya ɓata hanya saura 'yan kilomitoci, a 2017 ciki ya kayar da shi ya janye, sai a 2018 ya ci, a 2019 ya kafa tarihi da 14:09:28. UTMB kuwa sai da ya tattara ya koma zama cikin duwatsun Faransa kafin ya ci shi a 2023, cikin 19:37:43, kusan minti 7 a kowace kilomita. A tsakani ya gwada juya akalar. A watan Fabrairun 2020 ya shiga fanfalakin zaɓen 'yan Olamfik na Amurka a Atlanta, ya yi 2:15:05, ya zo na 22. Wanda ya ci tseren ranar da 2:09:20 shi ne Galen Rupp, wanda Salazar ya horar tun yana ɗan sakandare.